Wa ke kashe min manhaja da dare?

Ina kula da wata kwamfuta mai Linux a shagon sayar da magunguna a unguwar Mabera, nan Sakkwato. Kowane dare daga gida nake shiga cikinta ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, in tayar da manhajar da ke kwafe lissafin cinikin rana, in kwanta. Sai aka yi mako guda ina wayar gari in tarar ta mutu a tsakiyar aiki, ko saƙon kuskure babu.

Watan Afrilu ne, don haka zafi na fara zargi. Har fanka na sa Alhaji mai shagon ya saya, abin da har yanzu yake damuna, domin kuɗinsa ne na kashe a kan zato. Da safe ya ce, "Malam, mi ya faru kuma?" Ba ni da amsa.

Ranar nan na tsaya a shagon har bayan Isha'i. Na tayar da manhajar ta waya kamar kullum, sannan daga allon kwamfutar kanta na ɗaura mata strace, mai sa ido kan abin da ke faruwa da manhaja, da lambar da Linux ya ba ta, na ce ya rubuta cikin fayil duk siginar da ta iso, wato gajeren saƙon da ake aika wa manhaja mai gudana. Washegari ga layi ɗaya tal: SIGHUP, sigina mai lamba 1, mai nufin an katse layi. Kusa da shi akwai si_pid, wato lambar wanda ya aiko, kuma ta bash ce, manhajar karɓar umarni wadda na shiga da ita. Ashe duk sa'ad da intanet ɗin wayata ya yanke, sai bash ta sami labarin an katse layi, ta isar wa duk abin da ta tayar. Manhajata ba ta tanadi abin yi da wannan saƙo ba, sai ta faɗi.

Na koma tayar da ita cikin tmux, mai riƙe aiki ko da layi ya yanke, aka sami lafiya kusan wata guda. Da ta sake mutuwa, strace bai nuna mai aikowa ba, ya dai ce SIGKILL ce, siginar kisa mai lamba 9. Ita lamba 9 ba a tare ta, ba a kawar da kai daga gare ta, manhaja ba ta ma sanin ta zo. A dmesg, mai nuna saƙonnin kenel, wato zuciyar Linux, na gano mai hannu: RAM, ma'ajiyar aiki ta kwamfuta, ta cika, kenel ya zaɓi mai cin wuri ya kashe. Wannan karon da na je wurin Alhaji neman kuɗin ƙarin RAM, da layin dmesg ɗin a wayata na je, na karanta masa.