Dawakin Sant Joan a Tsibirin Menorka: Abin da Na Gani da Abin da Na Koya

Menorka ɗan ƙaramin tsibiri ne a cikin Bahar Rum, gabas da gaɓar ƙasar Sifaniya, wanda tsawonsa daga gabas zuwa yamma bai wuce kilomita 50 ba. Manyan garuruwansa biyu ne: Maó a gabas, inda filin jirgin sama yake, da Ciutadella a yamma, tsohon babban birnin tsibirin, inda har yanzu babbar majami'a da gidajen tsofaffin masu sarauta suke. A Ciutadella ne ake yin bikin Sant Joan a ranakun 23 da 24 ga watan Yuni na kowace shekara, domin tunawa da haihuwar Yohanna Mai Baftisma, wanda mu Musulmi muka sani da Annabi Yahaya, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Ina zaune a Barselona lokacin da wani abokin aikina ɗan asalin garin ya gayyace ni, ya kuma nace cewa idan har zan zo, in iso tun kafin Lahadin da ke gabatar bikin, domin a cewarsa wanda ya sauka daga jirgin ruwa ranar 23 ga wata ya riga ya rasa kan zancen.

Gaskiyarsa kuwa. A wannan Lahadin, wadda suke kira Diumenge des Be, ba a hawa doki ko ɗaya. Da ƙarfe tara na safe ake taruwa a ƙofar gidan shugaban bikin, mai busa ya busa ɗan sarewarsa karo na farko, sannan ayari ya fita a ƙasa. A cikin ayarin akwai wani mutum sanye da fatar tumaki, ba takalmi a ƙafarsa, an zana masa jajayen alamun gicciye a jiki, yana saɓe da rago mai rai a kafaɗunsa. An yi kwanaki ana wanke ragon har ya yi fari fat, an kuma ƙawata shi da zaruruwa masu launi. Mutumin yana wakiltar Yohanna ne, ragon kuma alama ce ta addinin Kirista. Haka za su wuni suna shiga gidajen hukuma da na manyan gari da na mahaya, suna sanar da su cewa lokacin hawa ya gabato. Mutane na miƙa hannu su shafi ragon, iyaye kuma na ɗaga jariransu domin su taɓa shi. Wanda ya ga wannan rana zai gane cewa tushen bikin gayyata ce da ziyara, kuma kowane gida ya san matsayinsa a cikin jerin.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne tsarin shugabancin, wanda ya samo asali daga wata ƙungiyar addini da ke kula da wata ƙaramar majami'a a bayan gari tun kusan ƙarni na 14. Shugabannin, waɗanda ake kira caixers, suna wakiltar rukunonin al'ummar garin kamar yadda take a dā. Akwai caixer senyor daga gidan sarauta, shi ne jagora, kuma a kansa nauyin hidimar yake. Akwai limamin coci, wanda shi ma dole ya hau doki. Akwai magidanci mai sana'ar hannu, akwai manoma biyu, ɗaya daga arewacin ƙasar garin ɗaya daga kudanci, sannan akwai saurayi mara aure wanda ke riƙe tuta ja mai farin gicciye. Shekara biyu suke yi a kan muƙaman kafin a naɗa wasu. Sauran mahayan, waɗanda sun haura ɗari, daga cikin manoma ake samunsu, tun daga yara ƙanana har zuwa dattawa masu furfura. A gaban kowa kuwa, mai busa ne ke tafiya a kan jaki, da sarewa da ɗan ƙaramin ganga. Babu abin da ake farawa sai ya busa, shi kuma ba ya busawa sai ya nemi izinin jagora. Na lura cewa 'yan gari ba sa damuwa da agogo sosai. Kunnensu na kan sarewar, kuma da na koyi bin ta na daina yawon neman inda za a yi abu na gaba.

Ranar 23 da ƙarfe biyu na rana mai busa ya fara zagaya gari yana tattara mahaya. An riga an zuba yashi a kan titunan tsohon gari domin kada kofato ya zame a kan dutse. Dawakin baƙaƙe ne wuluk, irin na tsibirin, ingarmu masu doguwar ƙafa, an yi musu ado da tauraro a goshi da wani ɗan ƙarfe mai siffar zuciya a ƙirji. Mahayan na sanye da baƙar kwat mai jela da hula mai kusurwa biyu. Wajen ƙarfe shida na yamma jagora ya shigo babban dandalin Es Born a sukwane, jama'a na darewa a gabansa a daidai lokacin da mutum zai ce an makara, makaɗa suka kama kiɗa, sauran mahaya suka biyo baya suna zagaya dandalin.

A nan ne Bahaushe zai tuna da hawan sallah, kuma kamannin na nan: hawa ne mai jeri, kowa da gurbinsa, akwai gaisuwa ga masu mulki, akwai busa. Amma a Kano ko Katsina 'yan kallo na tsayawa gefe ne, dogarai na buɗe hanya. A Ciutadella babu gefe. Dokin na tafiya a tsakiyar dubban mutane, mahayin ya ja linzami, dokin ya tashi tsaye a kan ƙafafunsa na baya, samari su kutsa ƙarƙashinsa su tallafe shi da hannuwa domin ya daɗe a sama, wasu na ƙoƙarin taɓa zuciyar da ke ƙirjinsa don neman sa'a. Gwanin mahayi shi ne wanda dokinsa zai yi taku da yawa a tsaye ba tare da ya sauko a kan kowa ba. Na tsaya kusa har ina jin hucin dokin a wuyana, kuma a nan na fahimci shawarar da mahaifiyar abokina ta ba ni da safe. "Ɗana," ta ce, "kada ka juya wa doki baya, kada ka ruga, kuma kada ka sa takalmin da yatsunka ke waje." Na ce, "To, Mama, idan ya nufo ni fa?" Ta ce in matsa gefen kafaɗarsa in bar shi ya wuce, domin mahayin ya fi ni sanin inda zai sauka. Waɗanda na ga an ɗauka a kan gadon marasa lafiya galibinsu baƙi ne da suka sha suka bugu, ko waɗanda suka tsaya ɗaukar hoto da waya suna kallon allo maimakon kallon dabba.

Bayan zagayen dandali, mahayan duka suka fice daga gari zuwa majami'ar Sant Joan de Missa, tafiyar kusan kilomita 8 a cikin gonaki, domin addu'ar yamma. Yawancin baƙi ba sa bin su, alhali wannan tafiyar ita ce ainihin dalilin hawan tun farko. Duk sauran abubuwan daga baya suka taru a kanta. Abokina ya kai ni a mota ta wata hanya, muka iske wurin da iyalai na karkara, ba hayaniya, dawaki na hutawa a jikin katangun duwatsu. Ban shiga cikin ibadarsu ba, kuma babu wanda ya nemi in shiga. Na tsaya a waje tare da wasu da yawa, na ga yadda mutumin da ɗazu yake tayar da doki a tsakiyar ihu ya cire hularsa ya shiga da natsuwa. A daidai wannan lokacin a cikin gari, jama'a na jifan juna da ɓawon wani ɗan itace mai kama da gyaɗa, buhu-buhu, har titi ya rufe. Wasa ne na raha, samari da 'yan mata sun fi yin sa.

Da dare, bayan mahayan sun dawo, aka koma lungunan unguwar Santa Clara, kuma a ra'ayina nan ne bikin ya fi kyau. Lungunan matsattsu ne, masu gida sun buɗe ƙofofinsu sun kwashe kujeru daga zaure, mahayi kuma idan ya zo gidan dangi ko aboki sai ya shigar da dokinsa har ciki, ya tayar da shi a ƙarƙashin rufin, mutanen gida na tafi. Babbar girmamawa ce doki ya shiga gidanka. Kowa na gaida mahayan da kalmomin "sort i ventura", wato fatan sa'a da dacewa. Baƙon da ya san wani ɗan gari zai kalli wannan daga cikin gida, a bayan masu gidan. Wanda bai san kowa ba zai sha matsi a jikin bango. Saboda haka nake ganin neman mai masauki ɗan gari ya fi neman ɗakin otal muhimmanci, ga shi kuma ɗakunan na ƙarewa tun watanni kafin Yuni.

Batun ci da sha yana buƙatar kulawa ga Musulmi. Abin shan bikin giya ce mai suna "gin" da ake haɗawa da ruwan lemun tsami mai sanyi, al'adar da ta samo tushe daga zamanin da Ingila ta riƙe tsibirin a ƙarni na 18. A ido ba ta da bambanci da lemun kwalba, kuma a kowane zaure za a miƙo maka ita da zuciya ɗaya, don haka sai mutum ya tambaya kafin ya karɓa. Da na ce ba na sha, babu wanda ya ɓata rai, ruwa ko lemu kawai aka kawo. Haka kuma burodinsu mai zaƙi da ake kira ensaïmada da kitsen alade ake yin sa, yawancin kayan da ake cusa wa nama ma haka. Cukun tsibirin da kifi da burodi na yau da kullum su suka riƙe ni.

Ranar 24 ita ce ta babbar addu'ar shugabanni a majami'ar gari, da wasannin dawaki a filin Es Pla da ke gangaren tashar jiragen ruwa. Majami'ar kanta an gina ta ne a gurbin babban masallacin garin, bayan Sarki Alfonso na Uku na Aragon ya ci tsibirin a shekarar 1287, ya kawo ƙarshen mulkin Musulmi da ya faro tun farkon ƙarni na 10, kuma hasumiyarta na zaune a kan tushen hasumiyar masallacin. A dandalin Es Born kuma akwai dogon ginshiƙi na tunawa da shekarar 1558, lokacin da rundunar jiragen ruwan Turkawa ta ƙone garin ta kwashe dubban mutanensa. Na yi zaton waɗannan abubuwa za su fito a cikin bikin, kamar yadda ake kwaikwayon yaƙin Musulmi da Kirista a wasu garuruwan tsibirin Mayorka da ke maƙwabtaka da su, amma babu ko alamarsu. Hidimar Sant Joan ta tsaya ne a kan waliyyinsu da dawakinsu da tsarin garinsu.

Wasannin Es Pla uku ne. A na farko, mahayi na tahowa a guje da mashi yana neman zira shi a cikin ɗan zoben da aka rataye a igiya, wanda ya dace kuma a ba shi ɗanyen kara mai ɗauke da cokalin azurfa. A na biyu, mahaya biyu na gudu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na riƙe da garkuwar katako mai zanen fuska, ɗayan na dukanta har ta farfashe, jama'a su yi wawason gutsattsarin. A na uku, su biyun na sukuwa rungume da juna. Duk wannan a cikin taron da ke buɗewa taku kaɗan a gaban dawakin ake yin sa, kuma shi ne wuri mafi haɗari a bikin. An taɓa rasa rai a nan, shi ya sa yanzu hukuma ke ƙayyade adadin masu shiga filin, masu sa kai kuma ke riƙe layin hanya. Ni daga kan gangaren da ke sama na kalla, kuma ita ce shawarata ga duk wanda zai je karo na farko, balle mai tafe da yara.

Ba kowa ne ke jin daɗin yadda bikin ya koma ba. Dattawan da na zanta da su na kukan cewa jiragen ruwa na sauke dubban matasa daga Mayorka da Barselona waɗanda sha kawai ya kawo su, ba su san bambancin jagora da mai tuta ba. Akwai kuma muhawara a kan mata, domin a sauran garuruwan tsibirin, inda ake irin wannan hawa duk tsawon bazara har zuwa bikin Maó a watan Satumba, mata na hawa, amma a Ciutadella har lokacin da na je maza ne kaɗai. 'Yar'uwar abokina, wadda ta iya doki fiye da shi, tana ganin lokaci ya yi da za a sauya. Mahaifinta, wanda ya yi shekaru yana hawa, yana ganin idan aka taɓa doka ɗaya sauran ma za su bi. Sun yi ta ja-in-ja a kan teburin abinci har mai busa ya wuce ta ƙofar gida, duk suka tashi suka fita tare.