Yadda muka nema wa Yaya kujera a majalisar dattawa

Ni kansila ce a ɗaya daga cikin ƙananan hukumomin Garwa, a arewacin Kamaru. Na shiga a zaɓen watan Fabrairun 2020, kuma sai bayan na zauna a kujerar na gane nauyin abin da aka ɗora mini: a ƙasarmu talaka ba ya jefa ƙuri'a a zaɓen sanatoci. Mu kansiloli, da 'yan majalisun yankuna, mu ne muke zaɓe a madadinsa. Majalisar dattawa tana da kujeru 100, kowane yanki cikin yankuna 10 yana da 10. Bakwai ake zaɓa, uku shugaban ƙasa ne yake naɗa su.

Da zaɓen 2023 ya gabato, mu mata kansiloli muka haɗu a tsakar gidan wata tsohuwar malamar makaranta da dukanmu muke kira Yaya. Rabinmu ita ta koya mana karatu, tana jin Hausa da Fulatanci da Faransanci, kuma ba a taɓa jin ta ci haƙƙin kowa ba. Muka ce mata, "Yaya, ke za mu tsayar." Ta yi shiru tana juya carbi, sannan ta ce mu fara tambayar maigida. Ya amince, har da sa albarka.

Takardu suka fara ba mu wuya. Doka ta ce ɗan takara ya kai shekara 40, ya kuma ajiye miliyan 1 na sefa. Kuɗin muka haɗa ta hanyar adashi, wata mai sayar da busasshen kifin Binuwai ta kawo nata kason a ƙulle a bakin zane. Amma takardar haihuwar Yaya ta ci ruwa, har sunan mahaifinta ya goge. Kwana da kwanaki muna zirga-zirga a kan babur cikin zafin Garwa kafin mu samu wata. A nan na fahimci mata nawa ne a unguwanninmu ba su da wannan takarda ko kaɗan. Wadda ba ta da ita, ko katin ɗan ƙasa ba za ta samu ba, balle a yi maganar takara.

Kuskurenmu shi ne mun ɗauka ranar zaɓe ake cin zaɓe. Ashe ba mutum ake zaɓa ba, jerin sunaye ne na jam'iyya, kuma tun kafin mu gama haɗa takardu manya sun riga sun zauna. Na je wurin wani dattijo a jam'iyyarmu, na durƙusa na ce, "Baba Alhaji, mun zo da ƙoƙon bara." Ya saurare ni sarai, ya ce, "'Yata, ai doka ta ce a sa mace, kuma mun sa." Gaskiya ya faɗa. Dokar zaɓe ta 2012 ta ce kowane jeri ya yi la'akari da jinsi, amma ba ta faɗi mata nawa ba. Don haka mace ɗaya ta isa a rufe baki. Sauran sai a tura su sahun masu jiran gado, waɗanda ba sa zama a majalisa sai kujerar mai ita ta zama babu kowa. Ko a can ma sunan Yaya bai fito ba.

Na yi kuka a daren nan, ba zan ɓoye ba.

Ranar Lahadi 12 ga Maris 2023 na je na jefa ƙuri'ata. Ina cikin layi na riƙa ƙirga ɗankwali a tsakanin huluna, ban gaji da ƙirga ba saboda ba su da yawa. Idan masu zaɓen kansu maza ne, masu rubuta jerin ma maza ne, ta ina mace za ta ɓullo? An samu ci gaba, ban musa ba: mata 20 ne a majalisar farko ta 2013, suka zama 26 a 2018, yanzu sun haura 30. Sai dai nisa tsakanin Yawunde, inda majalisar take zama, da tsakar gidajenmu yana nan, kuma ni ina son sanatar da ta san abin da ake nufi da mai naƙuda a bayan babur da tsakar dare, ko yarinyar da aka cire daga aji aka kai ɗakin miji.

Yaya ce ta lallashe mu, ba mu muka lallashe ta ba. Ta ce mu daina kallon saman bishiya, mu koma gindinta. Tun daga lokacin ba na fashin taron jam'iyya na unguwa, ko da an sa shi bayan magariba, lokacin da aka san muna kan tukunya. Ina ɗora tuwo da wuri in tafi. Adashinmu ma bai watse ba, mun mai da shi na biyan kuɗin takardun haihuwa da na takarar kansila.

Makon jiya na raka wata matashiya mai ɗinki kotu neman takardarta. Muna zaune a kan benci ta tambaye ni, "Anti, kansila tana iya magana a gaban hakimi?" Na ce ta zo zamanmu na gaba ta zauna a bayana, ta ji da kunnenta.