Godiya ga waɗanda suka ƙirga kwanakin nan tare da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Alhamdulillahi. Ranar Talatar da ta wuce ina zaune a ɗakin hutun ma'aikata, mun gama raba maganin safe ke nan, saƙo ya shigo wayata daga ma'aikatar harkokin cikin gida ta Birtaniya. An ba mu izinin zama na dindindin, wanda kowa a nan yake kira ILR, ni da Abban yara da babban ɗanmu. Sau uku na karanta kafin zuciyata ta yarda da idona. Ko kati babu da mutum zai riƙe a hannu, domin tun ƙarshen 2024 aka daina amfani da katin zama, komai ya koma intanet. Na kife wayar a kan tebur na yi sujada a nan tsakanin kujeru.

Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ba zan kama suna ba, amma duk wanda na nufa zai gane kansa.

Wanda bai taɓa zama da biza a ƙasar wani ba zai ɗauka shekara biyar ake jira. Gaskiyar magana kwanaki ake ƙirgawa. Na shigo ƙasar nan a watan Oktoban 2020 da bizar ma'aikatan lafiya, kuma sharaɗin da ke kan mai irin bizata shi ne ya yi shekara biyar a jere, kada ya wuce kwana 180 a wajen ƙasar cikin kowane wata goma sha biyu. Wannan “kowane” ɗin ne ya kusa kayar da ni, kuma a kansa zan fara godiya.

Abban yara yana da wani ɗan littafi mai baƙin bango da yake ajiyewa tare da fasfo ɗinmu. Tun ranar da muka sauka yake rubuta duk fita da shigowa: ranar tashi, ranar dawowa, lambar jirgi, sannan ya soke takardar shiga jirgin a jikin shafin. A lokacin ban ɗauki abin da muhimmanci ba. A watan Satumban 2022, ina cikin hutun haihuwar ƙaramar, Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Na ɗauki jaririya na tafi jinya da niyyar sai ƙarshen Maris. A lissafina kwana ɗari da 'yan kai sun faɗa 2022, casa'in sun faɗa 2023, babu shekarar da na kusanci 180. Hankalina kwance. Wani dare cikin Fabrairu ya kira ni, ina jin ƙarar buɗe shafi ta cikin waya, ya ce, “Baiwar Allah, lissafin nan ba haka yake ba. Ba daga Janairu zuwa Disamba suke dubawa ba. Duk inda suka ga dama za su aza ma'aunin wata goma sha biyu, tafiyarki kuwa guda ce, ba ta rabu biyu ba.” Gabana ya faɗi. Da na kai ƙarshen Maris, da na haura 190, kuma da shekara biyu da rabi da muka riga muka yi sun shiga cikin haɗari. Shi ya sauya tikitin da kuɗin da ya tara don wata buƙatar daban. Na dawo ina da kwana 163.

Abban yara, na faɗa maka a gida, ina so kuma in faɗa a gaban jama'a. Kai ka bar aikin da ka ƙware a kai ka biyo ni, ka yi aikin dare a rumbun ajiyar kaya, ka yi rainon yara ranakun da nake yin awa goma sha biyu a tsaye, ba ka taɓa yi mini gori ba ko da wasa. Allah Ya saka maka da mafificin alheri, Ya sa yaran nan su yi maka fiye da haka.

Ranar da zan baro Baba, bakinsa bai gama sakuwa ba, magana da ƙyar take fita. Ya kama hannuna da hannunsa mai lafiyar ya ce, “Koma ɗakinki. Kin sauke naki.” Ganina da shi na ƙarshe ke nan.

Jarrabawa ta biyu ta zo a 2024. Gidan kula da tsofaffin da nake aiki, wanda shi ya ɗauki nauyin bizata, ya rasa lasisinsa na ɗaukar ma'aikata daga waje. Ba mu da hannu a abin da ya jawo haka, amma irin bizarmu a ɗaure take da wurin aiki, in ya faɗi sai ya ja ka. Wasiƙa ta zo cewa an taƙaita izinin zamana zuwa kwana 60: ko in samu wani mai ɗaukar nauyi in sake neman biza, ko mu tattara mu bar ƙasar. Mu huɗu rataye a wuyan takarda guda. Na aika neman aiki wurare da yawa, mafi yawansu shiru. Wata babbar nas 'yar ƙasar Filifin da muka taɓa aiki tare, wadda duk muke kira Anti, ita ta tsaya kai da fata. Ta buga takarduna ta kai da hannunta ga shugabar sashensu a asibiti, ta ce ta san aikina, ta tsaya mini. Kullum da yamma sai ta turo mini saƙo na kalma biyu, tana tambayar kwana nawa ya rage. An ba ni takardar ɗaukar nauyi, na shigar da sabuwar buƙata a rana ta 52. Anti ba ta jin Hausa, amma zan karanta mata wannan sakin layin da kaina in fassara mata. Addininmu ba ɗaya ba, yarenmu ba ɗaya ba, ta yi mini abin da yayar ciki ɗaya take yi.

Ina gode wa ɗana, malamina na jarrabawar sanin rayuwar Birtaniya. Tambaya 24 ce cikin minti 45, sai ka ci 18 ka wuce, kowane zama fam 50. Karon farko daga aikin dare na wuce kai tsaye, na faɗi. Yaron nan ya yanka kwali ƙanana ya rubuta tambaya a gaba, amsa a baya, ya manna wasu a jikin firji. Ina wanke-wanke yana tsaye a bayana: yaƙin Hastings wace shekara? 1066. Magna Carta fa? 1215. Mata nawa Sarki Henry na takwas ya aura? In na amsa daidai sai ya ce, “Umma, saura ashirin da uku.” Karo na biyu na ci. Allah Ya yi maka albarka, Ya ba ka ilimi mai amfani.

Sai kuɗi. A 2025 da muka nema, fam 3,029 ne kowane mutum ɗaya, babba ko yaro, mu uku ya kama fam 9,087. Ƙaramar ba ta ciki, tunda a nan aka haife ta, yanzu da muka samu namu ana iya yi mata rajistar zama 'yar ƙasa. Mun yi shekara biyu muna tarawa, duk da haka bai cika ba. Mutum uku suka cike mana, rance ba ruwa, ba takarda, ba wa'adi. Ɗayansu ko tambayarsa ba mu yi ba, labari ya ji ya turo. Mun fara biya, kuma in sha Allahu ba za mu ba ku kunya ba.

Ana iya shigar da buƙata tun saura kwana 28 shekara biyar ta cika, haka muka yi. Muka haɗa takardar albashi da bayanin asusun banki da wasiƙar wurin aiki mai tabbatar da cewa har yanzu ana buƙatata, muka je aka ɗauki hoto da zanen yatsu. Akwai tsarin gaggawa da ake ƙara fam 500 kowane mutum a samu amsa cikin kwanakin aiki biyar. Ba mu da shi. Muka bi layin kowa da kowa, wanda kan iya kai wata shida.

Sati uku bayan haka, da asuba, Yaya ya kira. Tun daga yadda ya yi sallama na gane. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, muddin buƙatarka tana gabansu ba su yanke hukunci ba, in ka fita daga yankin Birtaniya da Ailan ana ɗauka ka janye ta. Ni kuma tsohuwar bizata ta riga ta ƙare a cikin jiran, abin da ke riƙe da ni bisa doka shi ne buƙatar nan da na shigar kan lokaci. Da na hau jirgi, da babu bizar da zan dawo da ita. Na san wannan sarai, amma da hantsi na riga na ciro akwati na fara zuba kaya. Lauyar da ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya ta haɗa ni da ita ta ɗauki wayata, ta bar ni na yi kukana ya ishe ni, sannan ta maimaita mini dokar a hankali ba tare da ta ɓoye mini komai ba. Na gode mata da ba ta faɗa mini abin da nake son ji ba.

Amma wadda ta sa na mayar da akwatin Umma ce. Matar da ta rasa mijin da suka yi shekara arba'in da wani abu tare, ita ce take rarrashina. Ta ce, “Ko kin taso yanzu ba za ki same shi ba. Abin da yake buƙata daga gare ki yana isa daga inda kike. In kika rushe abin da ya sa ki koma dominsa, me kika yi masa?” Umma, ban san da wane baki zan gode miki ba. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata miki.

Yaya da ƙannena, ku kuka ɗauki jinyar shekara uku. Ku kuka yi ta juya shi, kuka yi kwanan asibiti, kuka san lokacin kowane magani. Ni da nake yi wa iyayen wasu wannan aikin kullum, nawa uban ku kuka yi masa. Ba wanda ya taɓa ce mini “ke kina can.” Wannan takarda da ta fito da sunana, kwanakinku ne a cikinta fiye da nawa. Na gode kuma wa 'yan uwa na nan da suka cika mana falo kwana uku, wasu sun yi tuƙin awa huɗu, da shugabar sashenmu da ta sake jadawalin aiki ba tare da na roƙa ba, da abokan aikin da suka karɓi ranakuna.

Ga waɗanda ke bayanmu, musamman ƙannena da suka shigo daga baya, na san zullumin da kuke ciki tun watan Mayun 2025 da gwamnati ta fitar da shawarar mayar da shekara biyar ɗin nan goma. Ina tare da ku da addu'a, kuma ƙofata a buɗe take. Abin da zan roƙe ku kaɗan ne. Ku sayi littafi yau ku fara rubuta kwanakinku, kada ku yar da tsohon fasfo ko takardar albashi. Ku riƙa karanta ƙa'ida a shafin gwamnati da idonku, domin tana sauyawa, abin da ya yi wa wani aiki bara ba lallai ya yi muku bana ba. Kada kuma ku miƙa kuɗi da fasfo ga wanda ba lauya ba ne ko mai ba da shawara da ke da rajista, komai daɗin bakinsa. In da hali, ku ajiye kuɗin gaggawar nan a gefe. Da ina da shi, da wataƙila amsa ta riga kiran Yaya zuwa. Na bar wa Allah wannan, amma ba na so wani ya ɗanɗana.

Yanzu zamana bai rataya a wuyan kowane wurin aiki ba, ba kuma ranar ƙarewa, sai dai in mutum ya yi shekara biyu a jere a waje izinin ya faɗi. Abban yara ya ce littafin ba zai rufu ba tukuna, tunda neman zama ɗan ƙasa bayan wata goma sha biyu shi ma yana da nasa lissafin kwanakin. Daren jiya ya buɗe sabon shafi ya rubuta ranar tashina. Sati biyu masu zuwa in sha Allahu zan je in ga Umma.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙon ya sa Baba a addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya gafarta masa, Ya sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ya jiƙan naku iyayen da suka rigaye mu.

Na gode, na gode.