Baƙin man da na gani a gindin fulogi

Wata Asabar da hantsi ina goge babur ɗina a ƙofar gida, sai tsumma ya kwaso wata baƙar dauɗa mai danƙo daga gindin fulogi. Ba ɗiga yake yi ba, don ko ɗigo ɗaya ban taɓa gani a zauren da nake kafe shi ba. Laima ce kawai, ƙurar hunturu ta hau kanta ta zama kamar kwalli. Amma babur ɗin nan shi ne ƙafata, shi ke kai ni makarantar da nake koyarwa a wani ƙauye bayan Kazaure, saboda haka hankalina bai kwanta ba.

Bakaniken da na fara kai wa yaro ne mai zafin nama. Ko durƙusawa bai yi ba ya ce, "Malam, ringi ne ya tafi, sai an sauke inji." Da ya lissafa kuɗin fistan da ringi da gasket da na aiki, sai na ce masa zan yi shawara.

Washegari na je wurin wani dattijo da ke gyara a bakin tasha. Tambayoyi ya fara yi mini: yana hayaƙi a salansa? Mai yana raguwa a geji? Yana gardamar tashi da safe? Duk na ce a'a. Ya ce to mu zauna inji ya huce, domin kan injin alminiyom ne, idan aka murɗa fulogi da zafinsa zaren ramin na iya cinyewa. Mun fi rabin awa muna hirar tsadar fetur.

Kafin ya sa sifana, sai da ya share kewayen fulogin da buroshi ya hure, kada yashi ya faɗa cikin silinda. Da ya zaro shi ya miƙo mini. Bakinsa, inda wuta ke tartsatsi, a bushe yake, launinsa ƙasa-ƙasa kamar gasasshen burodi. Man duk a sama yake, a jikin farin tangaran ɗin da inda sifana ke kamawa.

"Ka gani ko, Malam? Daga waje ya zo masa. Da ringi ne, da bakin nan ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, salansa na tafe tana turnuƙe mutane da shuɗin hayaƙi."

Na ce, "Baba, idan baƙi ne amma a bushe fa?" Ya ce wannan kuma kunkunniya ce, fetur ne ya fi iska yawa, ko dai kafireto ko matatar iska ta toshe da ƙura. Idan kuwa shuɗin hayaƙin da safe kawai yake fita sannan ya ɗauke, robobin bawul ake zargi kafin ringi. Shekara shida ina hawan babur, ban san ana karanta fulogi kamar wasiƙa ba.

Saura gano inda man ke fitowa, kuma nan ne dabarar da ta fi burge ni. Mai ƙasa yake gangarowa, iska kuma ta kora shi baya idan ana gudu, ya bi tsakanin haƙarƙarin injin ya taru a duk inda ya sami rami. Wurin da ka gan shi ba lallai nan ne mafarinsa ba. Sai dattijon ya wanke kan injin tas da kananzir, ya bari ya bushe, ya aike ni gida na ɗauko hodar jarirai. Ya barbaɗe kan injin har ya yi fari fat, ya ce in zaga gari na minti goma.

Da na dawo, ga wani siririn layi mai duhu ya tsaga farar hodar, daga gefen murfin bawul har gindin fulogi. Aka buɗe murfin. Robar da ke ƙarƙashinsa ta bushe ta ƙandare, yana lanƙwasa ta ta karye. Kuɗin sabuwa bai kai na litar fetur ba.

Ni ma ya samu nawa laifin. Da ya kafe babur ɗin a miƙe a wuri mai daidai ya zaro geji, mai ya wuce layin sama. Ni a tunanina yawan mai gata ne, duk juyi sai na ɗan ƙara a kan litar man injin. Ashe wanda ya yi yawa hanyar fita yake nema. Ya rage shi, sannan ya mayar da fulogin da yatsu har ya zauna, ya ɗan taɓa shi da sifana kaɗan, tunda washarsa, zoben ƙarfen da ke gindinsa, ta riga ta danne.

Wata uku ke nan gindin fulogin a bushe. Gwangwanin hodar kuwa a shagon na manta shi, har yau uwargida na tambayata inda na kai mata.