Godiya ga Duk Wanda Ya Tsaya Mana a Jinyar Uwargida

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Alhamdu lillahi, an sallamo uwargida daga asibiti, tana ɗakinta, tana cin abinci kuma yana zama. A madadina da ita da yara, ina godiya ga 'yan uwa da abokan arziki na nan Katsina da waɗanda suka taso takanas daga Daura.

Da yawa sun bugo waya suna tambaya ko shanyewar ɓarin jiki ce, saboda abin da aka yi ta yaɗawa ke nan. A'a. An yi mata hoton ƙwaƙwalwa, lafiya lau. Ciwon ɓarin kai ne da take fama da shi tun tana budurwa, sai dai wannan karon ya ƙi sauka, ga amai ba ƙaƙƙautawa, har sai da aka yi mata ƙarin ruwa.

Wanda bai zauna da mai ciwon nan ba zai ce ai ciwon kai ne kawai, a sha farasitamol. Ita kan fara da hamma. Can sai ta ce tana ganin wani haske mai lanƙwasa yana walƙiya a gefen idonta, ta dube ni ta ce rabin fuskata ya ɓace. Kafin awa guda gefen kanta na hagu ya ɗauki bugawa. A ranar ko ƙanshin turaren wuta ba ta iya shaƙa, tagar ɗakin ma da bargo muke toshe ta.

Godiya ta musamman ga likitan da ya zaunar da mu ya yi mana bayani da Hausa, bai ƙosa da tambayoyina ba. Walƙiyar nan, in ji shi, wani motsi ne da ke ratsa saman ƙwaƙwalwa a hankali, kamar milimita 3 a minti ɗaya; wani masani ɗan Birazil mai suna Leão ne ya gano shi a 1944. Zafin kuwa daga jijiyar da ke ɗauko saƙon ji daga fuska da rufin ƙwaƙwalwa yake tasowa, tana sakin wani sinadari da ake kira CGRP. Ciwon ya fi kama mata, kusan ninki uku na maza, kuma yakan tasar wa wasunsu dab da al'ada. Abin da ya fi ba ni mamaki: shan maganin ciwon kai na kemis kwana 15 ko fiye a wata shi kansa yana mayar da ciwon na kullum.

Ya ce bincike ya yi nisa a waje. A 2018 Amurka ta amince da erenumab, allurar da ake yi sau ɗaya a wata don tare hanyar sinadarin nan, sannan ƙwayoyi irin su rimegepant suka biyo baya a 2020. Da na tambayi kuɗinsu, dariya kawai muka yi ni da shi. Ba na mai albashi irina ba ne tukuna. Tsohon magani ya ɗora ta a kai, amitriptyline, da dare, tare da littafin da za ta riƙa rubuta ranar da ciwon ya zo da abin da ya gabace shi. Don Allah kada wani ya ga sunan ya nufi kemis, kowa da irin jikinsa.

Hajiya surukata, ke kika kwana a kan tabarma gefen gadonta duk da ciwon gwiwarki, Allah Ya saka miki da Aljanna. Yaya Babba, kai ka riƙe mana yara da kai su makaranta. Ma'aikatan jinya da suka rage mata hasken fitila ba tare da mun roƙa ba, mun gode. Maƙwabcina da ya daina tayar da janareto da dare a wannan zafin, ban san da bakin da zan gode maka ba. Liman da jama'ar masallacin unguwa, mun ga amfanin addu'arku. Waɗanda suka ce iska ce suka kawo hayaƙi, na san ƙauna ce ta sa, ku yi haƙuri da muka ajiye shi, hayaƙin na cikin abin da ke tayar mata da ciwon.

Masu son zuwa dubiya, bismillah, bayan la'asar ya fi, amma a taimaka a zo ba turare. Allah Ya bar zumunci, Ya ba sauran marasa lafiya sauƙi.

Daga Ƙofar Marusa, Katsina.