Jirgin Addis zuwa Dire Dawa: layi ɗaya, labari biyu

Tashar Furi-Lebu tana can gefen Addis Ababa, kuma da sanyin safiya jirgin ƙasa mai zuwa Jibuti yake tashi. Kamfanonin Sin ne suka shimfiɗa layin, fiye da kilomita 750, da bashin bankin Exim na Sin, ya fara jigila a 2018. Tun kafin in hau na sha jin labarinsa. A bakin CGTN, tashar talabijin ta gwamnatin Sin wadda ta buɗe reshenta na Afirka a Nairobi a 2012, "moriyar juna" ne. A jaridun Turai da Amurka kuwa, "tarkon bashi".

Da muka wuce Adama tsaunuka suka ja baya, sai fili da ƙaya da raƙuma. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ce shi fa bai yarda da Sinawa ba. Na ce, "Baba, me suka yi maka?" Ya ce ai leƙen asiri suke yi a hedkwatar Tarayyar Afirka, ginin da suka bayar kyauta a 2012. Na gane inda ya samo zancen: jaridar Le Monde ce a Janairun 2018 ta ce kowane dare ana kwashe bayanan ginin zuwa Shanghai. Sin ta musanta, Moussa Faki, shugaban hukumar tarayyar a lokacin, shi ma ya musanta. Musun bai taɓa isa kunnen Baba ba.

Wata 'yar kasuwa a kujerar gaba ta juyo a fusace. Ita Amurka ce ba ta yarda da ita ba: CNN ta ɓata sunan Habasha a yaƙin Tigray, in ji ta, sannan aka cire ƙasar daga AGOA, shirin Amurka na shigar da kayan Afirka kasuwarta ba haraji, a 2022, masaƙu suka sallami ma'aikata. Daga Baban har ita ba wanda ya taɓa taka Beijing ko Washington, amma kowa na rantsuwa kamar ganau.

A ganina ba sai kafar yaɗa labarai ta yi ƙarya ba, zaɓen abin da za ta sa a gaba ya isa. A 2018 firaministan Habasha Abiy Ahmed ya sanar cewa Sin ta tsawaita wa'adin biyan bashin wannan layin daga shekara 10 zuwa 30. Na kawo musu wannan ko a raba gardama. Baba ya ce ka ga tarkon ke nan, ita ta ce halin aboki ke nan. Har muka sauka Dire Dawa suna yi.