Gishiri ne ke rufe wa wayar nano ido

Ga ɗalibanmu Hausawa da ke ɗakunan bincike a Jidda da Riyad, darasi na farko a fannin gano alamun ciwon daji da wayar nano shi ne wayar nano ba ta san furotin ba, cajin lantarki kaɗai take ji. Zaren silikon ne mai kaurin nanomita gomomi (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), an ɗaura masa antibodi, wato sinadarin garkuwar jiki da ke cafke furotin ɗin da ake nema. Idan alamar ciwon daji irin furotin HER2 ta maƙale a jikin antibodin, cajinta ya sauya ƙarfin lantarkin da ke ratsa zaren. Tun 2005 ayarin Charles Lieber na Jami'ar Harvard ya auna PSA da CEA, waɗanda su ma alamun ciwon daji ne, ta wannan hanya.

Inda gizo ke saƙa shi ne gishiri. A cikin PBS, ruwan gishirin da ake yin gwajin a ciki, idan ba a sirka shi ba, gishirin yana lulluɓe duk cajin da ya wuce tazarar nanomita 0.7 daga jikin wayar, alhali antibodin kansa ya kai nanomita 10. Furotin ya kamu, amma na'ura shiru. Sai a sirka ruwan ninki 100, tazarar ta koma kusan nanomita 7. Kada a zarce haka, domin kamun antibodi zai yi rauni, pH kuma ya fara yawo, wayar ta ɗauki wannan a matsayin sakamako. Shi ya sa dole a ajiye waya ta biyu marar antibodi a gefe, a riƙa debe karatunta daga na farkon.

Naman ƙarin dajin da za a gwada ma sai an lallaɓa shi. Wanda ya sha fomalin, maganin hana nama ruɓewa, furotin ɗinsa sun ɗaure da juna, bai dace da wannan aiki ba. A nemi ɗanye, a daskarar da shi a awo 80 ƙasa da sifili na ma'aunin Salsiyos da zarar ya fito daga ɗakin tiyata. Zafin Saudiyya ba ya jiran kowa. A niƙa shi kan ƙanƙara tare da maganin hana furotin rugujewa, a juya a santirifuj, injin da ke wulwulawa don ware ruwa da tsaki, na minti 15 a awo 4, a tsiyaye ruwan sama, a rage masa gishiri.

Masu aiki a gaɓar Bahar Maliya su kula da laima. Sinadarin APTES da ake fara shafa wa wayar kafin a ɗaura antibodi yana dunƙulewa idan ya sha danshi, shafin ya yi kauri, ya ƙara nesanta furotin daga silikon. A buɗe kwalbarsa ƙarƙashin busasshen nitrojin, a haɗa ruwan shafin a ranar da za a yi amfani da shi.